Kurmin da Suke So Su Sare daga Plumstead

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ƙararrawar coci ta buga ke nan, ranar Asabar ta farkon daminar da na shiga aji uku, muna bakin rafin da ke gindin kurmin ƙauyenmu a tsaunin Mambilla. Mu uku ne: ni, da yayata Rifkatu, da Kaka. Wanki ya kai mu. Gajimare bai gama ɗagawa daga kan itatuwa ba sai ga malam-buɗe-littafi sun sauko kan jiƙaƙƙen yashi inda shanu suka yi fitsari, baƙaƙe wuluk, kowanne da ratsin kore, suna tsotsa fiffike na rawa. Na ɗaga zani zan rufe su, Kaka ta make mini hannu. "Ke kika haife su?"

Da muka shanya kaya ta shiga da mu kurmin, ta nuna mana tsarin rayuwar malam-buɗe-littafin. Na farko ƙwai, ɗaya-ɗaya a ganyen wata ƙaramar bishiya mai ƙanshin lemo wadda ba ta tsira sai a inuwa. Na biyu tsutsa mai kama da kashin tsuntsu, don kada a cinye ta. Na uku ta koma koriya, ta ɗaure kanta da zare a reshe, ta yi shiru. Sannan fiffike. Dokar shiga itace a wurin ɗaya ce: busasshe kawai, gatari ya tsaya a gida. Kaka takan ce, "Wanda ya sare inuwa ya sare ruwa."

Yanzu sauran kuramen yankin duk sun zama gonakin bishiyar turare mai shanye ruwa, rafukansu sun ƙafe. Namu ne ya rage. Shi ne ƙungiyar 'yan garinmu a nan Plumstead, a ƙasar Turawa, ta zauna bayan sujada, ana shan shayi, ta kawo shawarar a share shi a gina zauren taro, katakon kuma ya yi rufi. Na miƙe na yi magana a kan rafin da malam-buɗe-littafin, shugaba ya yi dariya ya ce, "Anti, ƙwari ne fa." Mutumin da council, wato ƙaramar hukumar nan, ba za ta bar shi ya taɓa reshe ɗaya a ƙofar flat ɗin da yake zaune a ciki ba, shi ne yake aika gatari gida ta waya, kuma ba shi zai sha ruwan ba.

Lahadi mai zuwa za a ɗaga hannu a yanke hukunci kan shawarar. In kai ɗan garinmu ne, ka canja lokacin aikinka na ranar, ka zo, ka zauna a gaba, ka ce a'a.