Geron da Ya Je Ganin Gida

Ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na ƙetaro bodar Jibiya da ɗan buhun gero a ka, ina dariya ina share hawaye.

Mu manoma ne a wani ƙauye ta wajen Riko. Gona ɗaya gare mu, ita ce cinmu, ita ce suturarmu. Maigidana kuwa mutum ne mai son a ce shi ya riga kowa. Duk shekara binne yake yi, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don geronsa ya riga na maƙwabta tsiro. Ya sha dacewa, har ya ɗauka iyawarsa ce. A waccan shekarar na ce ya rage mana ko kaɗan, ya ce mata ba su san noma ba, ya juye irin kaf. Sai aka yi ɗan yayyafi, geron ya ji danshi ya fito kore shar, daga nan sama ta ɗauke. Muna ji muna gani rana ta ƙone shi. Rumbu kuwa tuni mun share shi.

Manomi talaka in ya rasa iri, gonar ce ke bin baya. Wani mai hali a garin ya fara aiko mana da gaisuwa safe da yamma, kuma kowa ya san gonar yake gaisarwa. Geron kasuwa ya fi ƙarfinmu, ga shi gauraye. Namu irin gado ne mai saurin nuna, shi kaɗai zai iya kai mu gaci a ɗan abin da ya rage na damina. Tsoro na ji ba kaɗan ba.

Sai na tuna al'adar gidan su maigidana. Duk 'yar da za a kai ɗakin miji, mahaifiyarsu takan cusa mata zangarniyar geron gidan a cikin kaya. Yayarsa da ke aure a tsallake, cikin Nijar, ta tafi da nata, kuma ba ta fasa shuka shi ba. Na ce ya je ya roƙo. Ya ce shi da ya sha yi mata dariyar jiran ruwa, da wane ido zai kalle ta? Na bar shi da girman kansa na ɗauki mayafina.

Da na isa na faɗa mata abin da ya kawo ni, Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ina sarkin noman? Shi ya aiko ki, ko ke kika aiko kanki?" Tana tsiya tana hawa rumbu. Muka sussuke zangarniyar tare, ta ce sai ta raka ni, don lokacin an hana ƙetarawa da hatsi.

A bakin boda wani ɗan duwan, wato kwastan na Nijar, ya tare mu.

"Inna, mi ke cikin buhun ga?"

"Gero ne, ɗana," in ji Yaya.

"Kin san an hana fita da hatsin Nijar."

Ga hadari ya haɗo gabas, ga buhuna a hannunsa. Na san in ya riƙe shi, gonarmu ya riƙe.

Yaya ta gyara tsayuwa. "Wa ya ce maka na Nijar ne? Wanga gero ɗan Najeriya ne, tare aka kawo mu aure. Ni na zauna, shi ko ya ce sai ya je ganin gida. A garinku hana ganin gida ake yi?"

Masu babura da masu tallan ƙosai suka fashe da dariya. Shi ma ya so ya ɗaure fuska, ta ƙi ɗauruwa. Ya sa hannu ya ɗebo, ya daɗe yana kallon ƙwayar a tafinsa, sannan ya dube ni.

"Ci za a yi ko shuka?"

"Shuka," na ce.

"Tsohona ma binne ya yi bana," ya ce a hankali. Ya ɗaure bakin buhun da kansa ya aza mini a ka. "Ku wuce, kada ruwa ya riga ku."

Ruwan ya riga ni ɗin. A jiƙe sharkaf na shiga gida, buhun na ƙarƙashin mayafina, ban taɓa jin daɗin dukan ruwa irin na ranar ba. Da gari ya waye muka fita shuka, maigida na sara ina zuba iri. Da kaka ta yi, da kansa ya zaɓi dami mafi kyau ya kai wa yayarsa, ya durƙusa ya sha tsiyar da ta tanadar masa. Gaisuwar mai halin nan kuma ba mu sake jin ta ba.

Ranar na gane cewa mai gona ɗaya bai kamata ya ajiye irinsa a gida ɗaya ba. Wanda muka riƙe, rana ta cinye shi. Wanda surukata ta bayar, shi ya dawo ya fanshi gonarmu. Shi ya sa duk kaka nake ware zangarniya in aika gidajen 'yan uwa, ciki da tsallake. Maigida bai daina binne ba har yau, amma yanzu ni ke auna masa irin.