Taurarin da Giya ta Gajiyar

A shekarun da benaye ke tsirowa a Abuja kamar ciyawar damina, abokin aikina a ma'aikatarmu, wani Kirista daga Filato, ya daina shan giya. Likita ne ya ce hantarsa ta gaji. Muka yi ta yi masa barka. Shi kuwa barci ya ƙaurace masa, ƙarar fanka ma haushi take ba shi.

"Malam," ya ce da ni, "kaina ya zama tashar motar Utako. Ranar Asabar zan koma wa kwalbata."

Ban iya wa'azi ba, sai na sa shi a mota muka nufi Sheda, inda matata ke bincike kan ƙwaƙwalwar ɓeraye. Hajiya ce mai yawan azumi, amma ita ke auna wa ɓeraye barasa da sirinji, abin da mahaifiyata har ta rasu ba ta sani ba.

Ta zaunar da shi gaban kwamfuta. A allon, wasu ƙwayoyin halitta na ƙwaƙwalwar ɓera masu rassa kamar taurari suna kunnuwa kore-kore, wannan ta miƙa wa waccan haske, a hankali, kamar wani gari ne ke farkawa a ƙarƙashin ruwa. Ni ma na shagala. Har yau nakan ga wannan hasken idan na lumshe ido.

"Ba su ne masu tunani ba, Oga," in ji ta. "Masu hidima ne. Jijiyoyi na aika wa juna saƙo, su kuma su kwashe ragowar, su sa mai ihu ya sassauta. Giya ta daɗe tana rikita su, aikinsu ya yi rauni. Da ka daina, saƙo ya taru ba mai sharewa. Hayaniyar ke nan."

"Za su farfaɗo?"

"A ɓeraye na gani. Sannu a hankali. Amma ka koma wa likitanka."

"Madam, ni ɓera ne?"

"Ɓera ya fi ka jin magana."

Ya yi dariya har da tari, idonsa bai bar hasken ba.

Da muka juyo, dawa ta yi tsayi a gonakin gefen titi, gajimare ya kwanta kan duwatsu. Ya jingina kansa da gilashi.

"Malam," ya ce can, "ma'aikacin da ya dawo daga doguwar jinya ba a korarsa. Zan jira su."