Tawada a Wuyan Dattijo

A tashar Funtua wani dattijo mai kantar fartanya a tafinsa yana alwala. Da hannu ɗaya yake wanke fuska, ɗayan yana kare wani zanen tawada a wuyansa.

Wani mai goro yana hararar sa. "Baba, wane boka ya yi maka wannan?"

Maharazu, da ke jiran motar Malumfashi, ya san zanen. Irinsa likitoci suka yi wa amininsa Talha, don hasken injin asibiti mai ƙone cuta ya sauka daidai kan ciwon dajinsa. Talha ya kiyaye zanen, ya kwanta ko motsi babu, amma ya rasu. Har yau Maharazu yana zargin saitin ne ya kauce.

Ya matso kusa da dattijon. "Baba, don Allah kullum ka ce wa likitoci su sake dubawa kafin su kunna injin."