Langar Juma'a da Ke Dawowa a Rufe

Shekara uku ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isufu. Amma in aka ce in faɗi ranar da ya fara tafiya, ba ranar asibiti zan ambata ba. Wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, na ji ƙarar murfin langa a kan simintin ƙofarmu. Na leƙa, babu kowa, sai langar shinkafar da na aika gidan ƙanensa Sani, ɗaure da ƙyallenta yadda na ɗaure ta.

Mu da muka baro Damagaram muka zauna Arlit, langar Juma'a ita ce zumuncinmu. Ka aika da abinci, a juye, a saka maka ko ƴan dabino ne. Ba a maido ta wayam, balle a rufe.

Malam konseye ne, wato kansila, a wata komin, ƙaramar hukuma ta yankin nan, ba sai na kira suna ba, yana cikin kwamitin duba kwangiloli. Sani kuwa direba ne a Akokan har aka rufe ramin ma'adinai. Da kuɗin sallamarsa ya sayi tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, ya nemi kwangilar kwasar shara. Doka ta hana a ba ɗan'uwan ɗan kwamiti na jini, shi ya sa ya nema da sunan abokinsa. Ya zo ya zauna a tabarmar nan da nake rubutu a kanta.

"Yaya, ban ce ka sa baki ba. Shiru kawai za ka yi."

"Sani, na dafa Alƙur'ani kafin in zauna kujerar nan."

"To kujerar ce za ta ciyar da ƴata Balki?"

Malam bai yi shiru ba. Ranar zaman kwamiti ya faɗa musu motar ta ƙanensa ce. Aka ba wani kwangilar, wanda daga baya muka ji surukin wani ɗan kwamitin ne. Shi nasa ya iya shiru.

Sani ya koma jigilar ruwa zuwa ramukan zinariya na arewa. A tafiya ta uku motar ta mutu a inda babu kowa. Waɗanda suka same shi su suka yi masa sutura a can. Muka je ta'aziyya, matarsa Rabi ta ƙi fitowa. Tsohuwarsu, wadda ta haife shi da Sani, ta dubi Malam ta ce, "Ka zo ne da dokar taka?" Tun daga ranar bai ƙara cin abincin rana na Juma'a ba. Da tari ya kama shi, likita ya ce ƙirji ne, ciwon da garin nan ya saba da shi. Ban musa ba, ajali na Allah ne. Ni dai na ga mutum yana raguwa tun kafin tarin.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kujerar da ya rantse a kanta an ɗauke ta, wasu ke zama. Shara tana nan jibge bayan kasuwa. Matasan da suka yi lakwal, karatun boko, suna zaune gindin katanga suna shan shayi, kowa ya san tambayar farko da za a yi musu: ɗan wa? Ba don irin dokar nan ba, wanda ba shi da kowa ba zai taɓa shiga ba. Na yarda da wannan har zuciyata. Sai dai a garin da aiki ya ƙare, wanda ya riƙe ta shi kaɗai, gidansu ta fara ci.

Malam bai bar gida na kansa ba, bai bar mota ba. Ya bar suna, wanda wasu ke faɗi da girmamawa, wasu da taɓe baki. A sujadata ina haɗa su biyun, shi da Sani, don ban san yadda zan raba su ba.

Har yau ina aika langar, ƴata Nana ke kaiwa, tana dawowa a rufe. Juma'ar da ta wuce sai na ɗaga na ji ba nauyi. Har na fara hamdala, yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Mama, ba Inna Rabi ce ta buɗe ba. Ni da Balki muka ci a bayan gida. Balki ta ce in na girma na samu aiki, kar in yi mata irin ta Baba. Mama, me zan ce mata?"