Mai sunan Baba a littafin tarihi

Ban taɓa gajiya irin ta shekarar da 'yata ta kai ajin ƙarshe na firamare ba. Mijina bai daɗe da rasuwa ba. Mutumin arewa ne, fataucin shanu yake yi, motar da ta ɗauko su da dabbobi ce ta kife a hanya. Ina fita takaba na koma bakin tandar waina a ƙofar gidanmu a unguwar Zongo. Ga hayaƙi, ga damina, ga jarrabawar fita firamare da suke kira Se-e-pe ta tunkaro mu.

Ƙanin mijina ya zo ya yanke magana a tsaye. Idan yarinya ta ci, a bar mini ita ta ci gaba da karatu. Idan ta faɗi, ya tafi da ita arewa cikin dangin ubanta. Ba ni da ikon hana shi. Ita kaɗai Allah ya ba ni.

Kullum bayan la'asar sai ta zauna a benci kusa da ni, in riƙe littafin tarihi da hannu mai maiƙo ina yi mata tambaya. Na ɗan taɓa lakwal, wato boko, da ƙuruciya, ina iya haɗa baƙin Faransanci ko da da ƙyar. Sarakunan Abomey ɗaya bayan ɗaya, jihohi da manyan garuruwansu, koguna daga ina zuwa ina. Har masu sayen waina sai da suka haddace. Ni kuwa kaina ya yi ta sarawa. Na duba littafin nan ciki da bai, ko layi ɗaya babu a kan kakanninmu da suka kawo goro da shanu suka kafa unguwar nan, amma an ce shi ne tarihinmu, to shi muke sha.

A cikin darussan akwai wani jarumin arewa da ya yi wa Turawa turjiya. Suna biyu gare shi, kuma na farkon sunan mijina ne sak. Ni tun ranar da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kama sunan nan a bakina ba. Haka uwata ta yi, haka tata uwar. Ko yaron maƙwabta aka sa wa, sai dai in ce mai sunan Malam. Yarinyar ma a haka ta tashi. In muka zo wurin, sai in ce, “Wa ya yaƙi Turawa a arewa?” Ta ce, “Mai sunan Baba.” In gyaɗa kai, mu wuce. Daga ni har ita babu wadda ta ga aibu.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa aka aiko metir, malamin ajinsu, yana nemana. Na rufe ƙullu na hau zemijan, babur ɗin haya, muka kutsa cikin ruwan da ya kwanta a titi, na isa zanena sharkaf. Malamin daga can unguwar Akpakpa yake ketowa kullum, duk alli a rigarsa, idonsa jajir. Kallo ɗaya na san gajiyarsa ba ta gaza tawa ba.

Ya ce a jarrabawar gwaji rabin sunan ta rubuta, ya soke. Ya tashe ta a gaban aji ta faɗa da baki, ta tsaya ƙiƙam kamar turmi. Yara suka yi ta dariya. Tun daga ranar, in aka shiga darasin tarihi ba ta buɗe baki, har abin da ta sani ta daina rubutawa, alhali tarihin ne yake rufa mata asiri, don lissafinta sai a hankali.

Na yi masa bayani da guntun Faransancina. Ya saurara, ya murza goshi.

“Madam, na ji, kuma Allah ya ji ƙansa,” in ji shi. “Amma wanda zai duba takardarta bai san mijinki ba.”

Na so in ji haushinsa, na rasa ta inda zan kama.

Da yamma na zaunar da ita. Na ce, “Yau sai kin faɗi sunan nan cikakke.”

Ta sunkuyar da kai.

“Ke nake wa magana! So kike baffanki ya tafi da ke?”

Ta ɗago, ido ya cika. “Inna, ke fara faɗa.”

Raina ya ɓaci. Na zazzage ta tas, na ce ba ta da kunya, na ce ni sa'arta ce? Ta hau wasa da bakin hijabinta. Da faɗan ya ƙare mini, sai na ga gaskiyarta. A bakina ta koyi tsallake sunan, ba za ta taka shi ba sai ta ga na taka.

Na duba hagu da dama. Ba kowa sai wani mai zemijan da ke gyangyaɗi a kan babur ɗinsa. Waina tana ƙonewa, ina jin ƙaurinta, ban juya ba. Na kafa ido a kan littafin, na gaya wa kaina jarumin nan wani mutum ne can daban, ya mutu tun kafin a haifi kakata. Sannan na buɗe baki na faɗa. Muryar ta fito kamar ba tawa ba.

Yarinyar ta fashe da kuka. Na bar ta ta yi mai isarta. Da ta share ido ta faɗa a hankali, ta sake faɗa, muka wuce zuwa koguna.

Ta ci jarrabawar, tana wurina har yau. Da ta fito ranar tarihi na tambaye ta, ta ce ko tambayar ma ba a yi ba. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce ta ɗauko mini itace.

Ban ƙara faɗin sunan ba. Akwai kuma abin da ban taɓa gaya mata ba: ranar nan da na kira shi, sai da na ɗan yi shiru, kunnena yana zaure, ko za a amsa.