Kwandon Mama Risikat

Ranar da na ƙwace kwandon naman kaza a Kasuwar Sabon Gari ba ta taɓa fita raina ba, kuma har yau in na tuna sai dariya ta ƙwace min. Lokacin ina shekarata ta biyu a aikin duba-gari. Ga waɗanda ba su sani ba, aikinmu shi ne zagaya kasuwa mu duba tsabta da abin da ake sayar wa mutane su ci. In ka ga abin zargi, sai ka cike takardar kamu, mai kaya ya sa hannu, ka kai wa babban jami'i. Shi zai ce a mayar ko a ƙone. In aka ƙone, mai kaya na iya rasa rumfarsa.

Damina ta yi tsakiya. A layin 'yan kayan miya na ga wata dattijuwa, Mama Risikat, Bayarabiya haifaffiyar Fagge, da kwando cike da abin da a gidanmu muke kira laimar kwaɗi, muke hana yara taɓawa. Gefenta ga wani ƙaramin buhu a ɗaure. Na kwashe duka, ina tafe ina jin kamar na ceci Kano gaba ɗaya.

Oganmu Malam Bukar ya dubi kwandon, ya dube ni.

"Wane iri ne, Sani?"

"Mai guba, ranka ya daɗe."

"Na ji. Wane iri?"

Ina cikin sosa ƙeya Mama Risikat ta yi sallama, tana dariya. "Alhaji, ɗan nan naka ya kama min miya."

Ta shimfiɗa jarida a kan teburin oga, ta juye kwandon. Ta ɗaga guda ɗaya ta ce wannan a kan suri yake fitowa, mu dubi saiwarsa doguwa kamar jelar ɓera. Ƙanwarta ce ke tsinto shi a dajin garinsu a Kudu, ta aiko mata a mota. Buhun kuwa wani mai itace ne ya kawo mata da safe, ba ta kai ga dubawa ba na far mata.

Da ta kwance buhun sai dariyar ta ɗauke. Ta zaro guda uku, farare tas, sun fi sauran kyau.

"Ka ga wannan 'yar jakar a gindinsa? Ka ga zoben a wuyansa? Mutum ya ci yau, jibi hanta ta tafi."

Sai ta dafe ƙirji. Ta tuna mai itacen ya ce mata rabin kayan zai kai wa ƙawarta Iya Basira, mai sayar da abinci a Rijiyar Lemo. Aka buga wayarta sau huɗu, ba ta ɗauka ba.

Ban taɓa ganin Malam Bukar ya yi gudu ba sai ranar. Muka faɗa adaidaita sahu mu uku, oga a gaba ya matse direba. A hanya iska ta cire masa hula. Direba zai tsaya, oga ya ce, "Bar ta, ta yi gaba."

Mun tarar da Iya Basira ta wanke naman kazan, ta yanka albasa, manja yana kan wuta, ga lebura huɗu a benci suna jiran miya. Ko sallama ban yi ba, na suri robar na fita da ita a guje. Ban san inda zan kai ta ba. Iya Basira ta biyo ni da ludayi tana kiran ɓarawo, leburan suka biyo ta, oga ya biyo su kai ba hula yana cewa gwamnati ce. Sai a bakin masallaci aka tare ni. Mama Risikat ta iso ta yi bayani, ta tsinto biyar masu guba daga cikin robar. Can ɗaya daga cikin leburan ya fara dariya, muka ɗauka gaba ɗaya har na zauna a ƙasa.

Mun ƙone na buhun da na robar bisa ƙa'ida, aka nemo mai itacen aka gargaɗe shi, aka mayar wa Mama Risikat kwandonta. Washegari ta aiko mana sakwara da miyar agushi da naman kaza. Na yi loma uku, na zauna ina sauraren cikina har la'asar. Da na ga shiru, na koma na side kwanon.

Na taɓa roƙon ta ta koya min alama guda da zan riƙa ganewa da ita. Ta ce babu. "Abin da uwata ba ta nuna min da hannunta ba, ba na ci, ba na sayarwa, komai kyansa."

Ku sababbi a aikin nan, ku riƙe wannan. Masu rumfunan nan da yawa sun fi mu sanin abin da ke gabansu. Kafin ka zaro biro, gaishe su, ka tambayi sunan abin. Wata rana amsar ce za ta sa ka gudu.