Hon ɗin Fermin da Motar Aro

Duk wanda ya taso a ƙauyukan kan dutse da ke saman garin Arani ya san Casilda Choque mai burodi, ko da kuwa bai san fuskarta ba. Hon ɗin motarta aka sani. Marigayi mijinta Fermin ne ya haɗa shi da hannunsa, har da sunansa ake kiran hon ɗin. In an danna sai ya rera waƙar da suka yi rawa da ita ranar bikinsu. Da ta sayi sabuwar mota, sai ta sa aka ciro shi daga tsohuwar aka dasa.

To, ran nan wayoyin motar suka kama hayaƙi. Ta kai ta kamfanin da suka sayar mata a birnin Cochabamba. Wilber bakanike ya leƙa ciki, ya ga hon ɗin, ya kama haɓa.

"Inna, wa ya sa miki wannan zakaran?"

"Zakaran gidanku! Ya girmi ubanka."

"Shi ya ƙone wayoyin. Ba kayan kamfani ba ne, garanti ba ya ɗaukar ɓarnarsa. Manaja ya ce a yi miki alfarma, amma sai an cire shi, kuma ya fita ke nan."

"Bari in kwana da maganar, ɗan nan."

Suka ba ta motar aro, fara sol, bisa sharaɗin ko tsinke kada ta liƙa mata. Washegari ta loda burodi ta hau dutse. Hazo ya sauko har gwiwa, gonakin dankali suna iyo a cikinsa, tumaki kamar ba su taka ƙasa. A ƙauyen farko ta danna hon, ya ce "fit". Ko kare bai ɗago ba. Ashe in ba waƙar Fermin, ita baƙuwa ce a hanyar da ta tsufa a kai.

Ta kashe mota, ta jingina da kujera cikin ƙamshin burodi. Can ta ji waƙar tana tasowa a hankali, ta waiga tana neman inda take fitowa, ashe daga maƙogwaronta ne. Ta sauke gilashi ta saki murya. Muryar ta tsufa, tana rawa, amma dutse ya karɓa ya dawo mata da ita da kauri, irin na namiji mai biye wa matarsa a baiti.

Ƙofofi suka fara buɗewa. Wata tsohuwa ta fito daga hazo riƙe da kwando.

"Casilda! Fermin mura yake yi yau?"

"Ya gaji, Yaya. Ni na karɓe shi."

Ranar da ta mayar da motar aro, ta ce wa Wilber ya cire hon ɗin a hankali, kada ya ji ciwo. Ta naɗe shi a mayafinta, ta goya shi a baya suka tafi gida.